Jinin Mutum: Ɗan Tsiron Da 'Ya'yanmu Ba Su Sani Ba



Yau kan wani ɗan ƙanƙanin tsiro za mu yi magana, wanda idan muka faɗi sunansa yaranmu da aka haifa a nan Kurmi sai su zabura, wato jinin mutum. To, ku kwantar da hankali, ba wanda aka yanka. Ciyawa ce mai ƙaiƙayin gashi a ganye da kara, ga 'yan furanni rawaya, tana fitowa a jigawa idan ruwa ya sauka, ta yi iri ta bushe. Asirinta na cikin ƙasa. In ka tuge ta ka murza saiwar, sai yatsunka su rine ja wur. Ka ji inda sunan ya samo asali.

Masana tsirrai suna kiran danginta Arnebia. Ana samun su a busassun ƙasashe, tun daga arewacin Nijeriya da Sudan da Masar, har ƙasar Larabawa da Indiya da Sin. Sunan ma na Larabci ne, daga "arnab", wato zomo. Wani masani mai suna Forsskal ya ji shi a bakin Larabawa ya rubuta. Bawan Allah bai ga littafinsa ba, zazzaɓi ya kashe shi a Yaman a 1763, sai a 1775 aka buga.

Jan nan kuwa ba ya sakin jiki a ruwa, sai a mai. Shi ya sa a Indiya ake jefa irin wannan saiwa cikin mai mai zafi don miya ta yi launi. Mutanen Sin suna haɗa man ƙuna da ita, kuma sun yi ta tonon tasu har ta yi ƙaranci a daji, dole hukuma ta sa ta cikin tsirran da doka ke karewa.

Ga abin da ya dame mu. Tsiron nan ba ya son damshin kudu, saboda haka yaranmu ba za su taɓa cin karo da shi a hanyar makaranta ba. Sunansa na Hausa kuwa, wani likita Bature, Dalziel, shi ya adana shi a littafin sunayen tsirran Hausa da ya fitar a 1916. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan! Mu masu harshen fa, wane ne cikinmu zai iya nuna shi a daji, ko ya bambanta shi da ɗan'uwansa walkin tsofo?

Don haka muna roƙon masu fataucin shanu da goro da ke hawa Arewa bayan damina, ku tambayi tsofaffin ƙauye su nuna muku shi. Ku ɗauko hotonsa, ku rubuto sunan da ake kiransa a garinku. Saiwa guda ta isa a kawo wa yara su murza, kada a tuge fili duka.