Bindigar Maƙeri Ko Ta Kamfani: Wacce Ce Ta Ci Kuɗinta?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba. Yau daga gida nake magana, Kutawa, a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, kuma batun da na ɗauko batu ne da ake yi a majalisa da dare amma ba a cika kawo shi fili ba. Batun bindiga ne.

Kafin wani ya ce na zo tallar makami, ku tsaya ku ji yadda abin ya faro. Kwanakin baya ina kallon wani bidiyo a YouTube, wasu Amurkawa suna ta gardama. A can, mutum zai iya shiga shago ya sayi bindigar farauta ta kamfani, irin su Remington 700 da aka fara fitarwa tun 1962. To amma akwai masu cewa wannan ba ta ishe su ba, sai su je wajen ƙwararren maƙeri ya ƙera musu uwar bindigar, wato sashen nan da ake ɗura harsashi a kulle shi kafin a ja kunama. Wannan sashen kaɗai yakan kai dala dubu ko fiye, alhali da ƙasa da haka za ka sami cikakkiyar bindigar kamfani. Gardamarsu ita ce: shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Na yi dariya, don a wajenmu abin a juye yake. A can aikin hannu shi ne na masu kuɗi. A nan aikin hannu shi ne na talaka. Bindigar toka, ko baushe, ko harba-ruga, duk sunan da kuka saba da shi, ita ce mai araha. Ta kamfani kuwa, irin mai baki biyu ko wadda ake zuge-zugen nan, sai wane da wane. Amma tambayar ɗaya ce: wacce ce ta ci kuɗinta?

Bari in ba ku labarin da ya sa wannan tambaya ta dame ni. Ina da ƙane, ɗan baffana ne, tare muka tashi. Lokacin da hare-hare suka yi tsanani a yankinmu, daga Safana zuwa Ɗanmusa, Batsari har cikin Kurfi, samarin unguwarsu suka fara kwanan sintiri. Shi ma ya sayar da buhun gero biyu ya yi odar bindiga wajen wani maƙeri. Ranar da ya karɓo ta, wallahi kamar an ba shi sarauta. Bai yi wata biyu da ita ba, wani dare aka ji motsi, ya ɗaga ya harba sama. Bututun ya tsage a hannunsa. Yau yatsu uku gare shi a hannun hagu, kuma manomi ne. Kuɗin asibiti ya ninka kuɗin bindigar sau da yawa, sai da aka sayar da akuyoyin uwarsa. Motsin da aka ji kuma, jaki ne.

Bayan wannan na je wajen wani tsohon maharbi a wajen Kurfi, abokin kakana ne. Na ce, "Baba, ku da kuka yi shekara arba'in kuna riƙe da irin wannan bindiga, me ya sa taku ba ta taɓa cin hannunku ba?"

Ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka? Ka duba nan." Ya nuna min tabo a haɓarsa. Ya ce, "Amma mu a zamaninmu maƙerin da ya yi maka bindiga ka san ubansa, ka san kakansa. In ta fashe, sunan gidansu ne ya fashe. Yanzu kowane yaro da ya iya walda ya zama maƙerin bindiga, saboda kasuwa ta buɗe."

Wannan magana ta tsaya min a rai. Kar mu raina ƙira, jama'a. A Dutsin-Ma ma muna da mazaɓa sukutum mai suna Maƙera. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimun ya sa maƙeransa suna ƙera bindigogi har da igwa a Zinder. A kudu kuma maƙeran Awka sun yi suna a wannan aiki tun da daɗewa. Ita kanta bindigar toka asalinta ta Turawa ce, 'yan kasuwar Denmark da sauransu suka riƙa kawo ta bakin teku, maƙeranmu suka kwaikwaya har suka mayar da ita tasu. Basira akwai ta.

Abin da babu shi ne gwaji. Nan ne bambancin yake. A Ingila, tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a birnin Birmingham. Kafin a sayar da bindiga sai an kai ta can, a harba ta da ƙarfin da ya wuce na yau da kullum, in ta jure a buga mata hatimi. Ba'amurken da ke biyan dala dubu, yana biyan kuɗin ƙarfe ne da aka san irinsa, da injin da ke yanka shi daidai ba kuskure. Shi kuwa ƙanena, bututun da aka sa masa ba don wuta aka yi shi ba tun farko, kuma wurin gwajinsa na farko shi ne hannun mai shi. Kun ga ke nan arahar ba araha ba ce, bashi ne da ake biya da jiki.

To sai wani ya ce, shi ke nan, a sayi ta kamfani mana. Nan ma a tsaya. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta raba bindigogi kashi uku. Irin su AK-47 haramtattu ne ga farar hula, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta kamfani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ita kanta bindigar toka tana buƙatar lasisi daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha, abin da yawancinmu ba mu ma sani ba. Ƙera bindiga ba da izini ba kuma laifi ne. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Saboda haka duk wanda ya zo maka a ɓoye da "ta kamfani", ka tambayi kanka daga ina ta fito. Hanyar da ta kawo ta hannunka, ita ce take kai wa mutanen dajin Rugu nasu. Kuɗinka yana ciyar da kasuwar da ke kashe mu.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. Za su ce a 2021 gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, da bakinsa ya ce mutane su tashi su kare kansu. Gaskiya ne, ya faɗa. Kuma ni ba zan zauna a inuwa in zagi wanda aka kashe wa uba don ya nemi abin kare gidansa ba. Amma maganar gwamna ba lasisi ba ce, ranar da aka tare ka a shingen bincike ba za ta fitar da kai ba. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: bindigar da za ka harba sau ɗaya ka tsaya ɗuri, me za ta yi da wadda ke ɗauke da harsashi talatin? Ba a banza aka sa mata suna harba-ruga ba.

Akwai kuma wani farashin da ba a lissafawa. Ku tuna Uromi a jihar Edo, watan Maris na 2025. Mafarauta ne 'yan arewa suna hanyar komawa gida Kano don yin sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16. Allah ya jiƙansu. A ƙasar da tsoro ya cika zukata, wanda ya gan ka da bindiga ba ya tsayawa tambayar maharbi ne kai ko ɗan fashi.

To ina na tsaya? Ga maharbi na gado, ko 'yan bindigar sarki da ke buga ta ranar hawan sallah, bindigar toka tana da gurbinta, matuƙar akwai lasisi kuma daga hannun wanda ya gaji sana'ar ta fito. Amma saurayin da ke tunanin sayar da amfanin gonarsa don ya saya saboda tsaron gari, ni dai shawarata a'a. Ta maƙeri ba ta ci kuɗinta ba, ta bayan fage kuma ta fi ta tsada ta kowace fuska.

In zuciyarka tana kan tsaron garinku, akwai ƙofa. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina, kuma daga cikin garuruwan da abin ya shafa ake ɗibar matasan. Akwai horo, akwai shugabanci, akwai wanda zai amsa tambaya in an yi kuskure. Tana da nata matsalolin, kuma za mu yi shiri a kansu, amma ta fi ka tsaya kai kaɗai cikin duhu da bututun da ba ka san ranar fashewarsa ba. Kuɗin da unguwa za ta tara kuma, a sa shi a fitilu masu hasken rana, da kati da cajin wayoyin masu gadi, da lambobin jami'an tsaro a hannun kowa, da asusun kai wanda ya ji rauni asibiti.

Su kuma maƙeranmu, kamu kaɗai ba zai magance abin ba. Muna da kamfanin ƙera makamai na ƙasa, DICON, a Kaduna tun 1964. Muna da jami'ar tarayya a nan Dutsin-Ma tun 2011. Me zai hana a zaƙulo masu basirar nan a horar da su, wasu su shiga aikin da doka ta sani, wasu su koma ƙera garma da injin casar hatsi da manomanmu ke nema ido rufe?

Ƙanena ya ce in gaya muku abu ɗaya, shi ya ba ni izinin ba da labarinsa. Ya ce duk wanda zai biya kuɗin bindiga, ya fara ƙirga yatsunsa.

Ku ajiye min ra'ayinku a ƙasa, musamman mutanen Kurfi, Safana da Ɗanmusa. Wanda bai yarda da ni ba ya faɗa, amma ban da zagi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gonarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.