Kyakkyawa da Dodo: A Bar Wa Yara Su Kalla Ko A Goge?

Gaisuwa ga iyayenmu da ke ruga da waɗanda ke bisa hanya da bisashe, gaisuwa ga ƴan kasuwarmu masu kai da kawowa tsakanin Konni da Illela, Maraɗi da Jibiya, Matamai da Daura. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

Zancenmu na yau wata uwa ce ta jawo shi, mai sayar da atamfa. Ta aiko mana saƙon murya ta ce ranar kasuwa ta ba mai tura fina-finai salularta, ta ce ya zuba wa yara abin kallo. Da dare tana lissafin ciniki sai ta ji ɗiyarta mai shekara shida ta ƙwalla ƙara. Ta leƙa, ta ga wani dodo mai ƙaho yana daka wa wata yarinya tsawa. Ta karɓe wayar. Washegari yayar yarinyar ta ce, haba Inna, ai tatsuniya ce, a ƙarshe ma aure suka yi. Shi ne take tambaya: ta mayar musu ko ta goge?

Inna, na zauna na kalli fim ɗin. Ba ɗaya ba ma, uku na kalla, don suna ɗaya ne ke yawo a kan fina-finai daban daban, kuma amsar da zan ba ku ta dogara da wanne ne ya faɗo cikin wayarku.

Da faransanci sunan labarin La Belle et la Bête, da turancin Ingilishi Beauty and the Beast, mu kuma mu ce Kyakkyawa da Dodo. Tatsuniyar Faransa ce. Wata mata mai suna Villeneuve ta fara rubuta ta a 1740, doguwa, don manya. A 1756 wata malama, Leprince de Beaumont, wadda ke koyar da ɗiyan masu hali a Ingila, ta taƙaita ta cikin littafin tarbiyyar ƴan mata. Wannan taƙaitacciyar ce ta cika duniya.

Ƴan kasuwa, ku kasa kunne, don uban yarinyar ɗayanku ne. Attajiri ne mai ƴaƴa shida, jiragen ruwansa suka salwanta da kaya, ya wayi gari ba ya da ko jari. Ya ji labarin jirgi ɗaya ya tsira, ya tafi ya gani ko zai samu wani abu, ya dawo hannu wofi. A hanya ya ɓata cikin daji, ya faɗa wata fada ba kowa, ya ci ya sha ya kwana. Da zai fita ya tsinki fure ɗaya, tsarabar da autarsa ta roƙa. Mai gidan ya bayyana, dodo ne, ya ce ransa ne kuɗin furen, sai dai in ɗaya daga cikin ɗiyansa za ta zo a madadinsa. Autar, Bel, ta tafi. Kullum da dare dodon ya tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce a'a. Ranar da ta tarar da shi yana gab da mutuwa ta amince, sihiri ya karye, ya koma ɗan sarki.

Masu nazarin tatsuniyoyi da dama suna ganin an shirya labarin ne don kwantar wa ƴan mata hankali, a zamanin da ake aurar da su ga mazan da ba su sani ba, sau da yawa waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, fina-finan. Na farko katun ne na kamfanin Disney, na 1991, bai kai awa ɗaya da rabi ba, waƙe-waƙe ne da buta da agogo masu magana. Na biyu shi ma na Disney ne, na 2017, amma da mutane na gaske, Emma Watson ce ta fito a Bel, ya ɗara awa biyu. Na uku na Faransa ne, na 2014, wanda Christophe Gans ya shirya, da Vincent Cassel da Léa Seydoux. Mu da ke wannan ɓangaren na iyaka, wannan na ukun yana iya faɗo mana, tunda da faransanci yake, mai turawa kuma sunan kawai yake dubawa.

Abin da iyaye suka fi tambayata shi ne, akwai batsa? Gaskiya a na Disney biyun, abin da za ku gani rawa ce ta riƙe hannu, da sumba a ƙarshe, da wani wurin shan giya inda ƴan ƙauye ke yi wa mugun fim ɗin kirari. Na 2017 ya jawo surutu saboda wata ƴar rawa ta daƙiƙu kaɗan da maza biyu suka yi tare a bikin ƙarshe. A kan haka Rasha ta ce sai mai shekara 16 zai shiga kallo, Kuwait ta janye shi daga silima, Malesiya ta nemi a yanke wurin, kamfanin ya ƙi, daga baya aka sake shi da alamar shekara 13. A Amurka kuwa alamar PG aka sa masa, ma'ana iyaye su duba tukuna. Na faɗa muku ne don ku sani, kowane gida ya san abin da yake bari da abin da ba ya bari. Amma ni a ganina hayaniyar da aka yi a kan daƙiƙun nan ta rufe abin da ya fi su girma, wanda ke cikin awa biyun gaba ɗaya.

Mu fara da tsoro. A na 2017 kyarketai suna kai hari cikin dusar ƙanƙara da duhu, kuma an yi su kamar na gaske, har haƙora. Mugun, Gaston, ya ɗaure tsoho a gindin itace ya bar shi don namun daji su cinye. An nuna uwar Bel kwance da annoba, mijinta ya ɗauki jaririya ya gudu ya bar ta. A ƙarshe Gaston ya harbi dodon da bindiga, shi kuma ya faɗo daga sama ya mutu. Wani zai ce ɗan ruga da ya saba jin kukan kura me zai ji? Ni na ga akasin haka. Ɗan birni ya kalla ya kwanta cikin ɗaki da ƙyaure da fitila. Ɗan ruga ya kashe waya, duhun da ke cikin fim shi ne duhun da ke kewaye da shi, gobe kuma shi za a tura da awaki. Na Faransa ya fi duka nauyi: ɗan sarki ya harbi barewar zinariya da kibiya, ta rikiɗe ta koma matarsa, ta mutu a hannunsa, sannan ga ƙattin gumakan dutse suna tattake mutane. Wannan kam ba na ƙananan yara ba ne, ko da yake an buɗe shi da uwa tana karanta wa ƴaƴanta labari.

Akwai kuma abin da waɗanda suka sa alamar shekaru a Amurka ba su yi lissafi da shi ba, don ba damuwarsu ba ce. An kama uba an kulle, ɗiya ta je ta miƙa kanta don a sake shi. A can wannan tatsuniya ce. A nan, tsakanin Madarunfa da Jibiya da dazukan Zamfara, akwai gidajen da aka shiga da dare aka tafi da mutum. In gidanku ko ƙauyenku ya taɓa ganin wannan masifa, Allah ya kiyaye gaba, kada ku bar yaro shi kaɗai da fim ɗin nan, ko katun ɗin ne. Ba ku san abin da zai tuno masa ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ku tuna tatsuniyarmu ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Samari suka zo duk ta kore su, sai ga wani santalelen baƙo ba tabo ko ɗaya, ta bi shi. Suna nisa cikin daji ya fara rikiɗa, ashe dodo ne, a wani ƙaulin maciji, da ƙyar aka ƙwato ta. Kakanninmu sun ce wa yarinya, mai kyan nan da kike gani yana iya zama dodo, ki bincika. Tatsuniyar Faransa ta juya zancen: dodon nan da ya kulle ki, ki yi haƙuri, ɗan sarki ne a ciki.

Kada in yi wa masu fim rashin adalci. Sun san da wannan suka, sun kuma yi ƙoƙarin gyarawa. Bel ta 2017 ba ta da sanyin jiki. Ita ta ture ubanta waje ta shiga kurkukun da kanta, ta ƙulla tsummoki za ta dira ta taga, ta ƙi cin abinci da shi, tana mayar masa da magana. A ƙauyensu an nuna tana koya wa wata ƙaramar yarinya karatu, mutane suka taso mata, wurin nan ya burge ni ƙwarai. Dodon ma sai da ya sake ta ta tafi, ta dawo da ƙafarta. Ga Gaston kuma, kyakkyawa mai mugun hali, shi dai ya yi daidai da gargaɗin kakanninmu. Da aka tambayi Emma Watson ko Bel tana da irin ciwon nan na wanda aka tsare ya koma son mai tsaronsa, wanda aka sa wa sunan birnin Sitokholm bayan wani fashin banki na kwana shida a 1973, ta musa, ta ce yarinyar ba ta taɓa sallama tunaninta ba.

Na ji, amma duk wannan gyaran cikin magana yake. Ɗiyarku mai shekara shida da ba ta shiga lakwal ba, ba ta jin turanci ba ta jin faransanci, hoto kawai take bi. Me hoton ya nuna mata? Ya yi tsawa, ya farfasa kaya, ta yi kuka, ya ba ta riga mai kyau, sun yi rawa, ya zama kyakkyawa, an yi biki. Na gwada da ɗiyar yayata, shekararta bakwai. Da muka gama katun ɗin na ce, me ya sa dodo ya zama mutum? Ta ce, don ta yi haƙuri da faɗansa. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ni ban kai talatin ba, ban isa in koya wa iyayena zaman aure ba, kuma na san haƙuri ginshiƙi ne. Amma a wannan aikin na karɓi kiran mata da yawa da aka ce musu ki zauna zai canza, shekara goma bai canza ba. Ba na son yarinya ta fara haddace wannan karatun tun tana wasan ƴar tsana. Yaro namiji ma yana kallo, shi kuma yana koyon cewa mai tsawa da babban gida shi ke samun amarya.

Sai na tambaye ta, da ke ce, kika samu ƙofa a buɗe, za ki zauna? Ta yi shiru, ta ce za ta gudu wajen Baba. Na ce to ita ma Bel ta gudu, kin manta? Muka mayar da fim baya ta gani. Minti biyar ne, amma labarin da ta kwana da shi ba shi ne wanda ta fara ba ni ba. Da can da kaka ke tatsuniya tana ganin idon jikanta, in ya tsorata ta sassauta, in ya karkace ta gyara. Memori ba ya ganin idon kowa.

To Inna, ga nawa ra'ayin, ba dokar hukuma ba ce. Katun na 1991, ƴar shekara shida ko bakwai tana iya kallo in kina kusa, da rana, kuma ki yi mata tambaya bayan an gama. Na 2017 ki jira ta kai tara ko goma, yayarta dai tana iya gani, ku zauna tare. Na Faransa ki goge, sai sun wuce sha biyu. Gane su ba wuya: in zane ne, shi ne na farko, in mutane ne suna waƙa, ga buta da agogo suna magana, na biyu ne, in mutane ne ba waƙa, ga jiragen ruwa tun farko, na uku ne.

Masu kallon tashoshin Faransa a tele kun san ƴar da'irar nan da ke fitowa a kusurwa, -10, -12, -16. Fim in ya bi ta hannun mai turawa, daga kwamfuta zuwa memori, daga waya zuwa waya, alamar nan ba ta biyo shi. Shi ya sa nake roƙon ƴan'uwana samari masu tura fina-finai a tasha da kasuwa: in uwa ta ce na yara take so, ku tambaye ta shekarunsu, ku buɗe fim ɗin ku gani kafin ku zuba. Ku kuma iyayenmu na ruga da ke aiko waya caji ranar kasuwa ta hannun yaro, in ta dawo ku ce ya nuna muku abin da aka sa. Ba sai kun iya karatu ba. Ku ja shi gaba, ku tsaya a tsakiya, ku tsaya kusa da ƙarshe, idonku zai gaya muku.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓo fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, don saƙonni uku sun riga sun iso a kansu. Wanda kakarsa ta ba shi tatsuniyar mai tabo da wani ƙarshe daban da wanda na sani, ya aiko mana da murya, ina son in ji yadda ake yin ta a garinku.