Baƙi da Masu Masauki: Agajin Yaƙi a Ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

 

An umurce ni in yi magana a kan agajin da ake kai wa talakawa masu gudun hijira lokacin yaƙi, ni kuwa na ga ya fi dacewa in kai ku wata ƙasa wadda, ko da yake kakanninmu sukan yi shekaru a hanya kafin su isa gare ta, idan mutum ya shiga kasuwannin wasu garuruwanta zai ji ana ciniki da harshen da nake yi muku magana da shi yanzu. Ina nufin ƙauyukan Hausawa na Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu, a ƙasar Sudan.

Sananne ne cewa bayan da Nasara suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya yi gabas da su, har suka sauka a bakin kogi kudu da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa. Waɗansu kuma alhazai ne masu tafiyar ƙasa da guzuri ya yanke musu, waɗanda, da aka gama madatsar ruwan Sinnar cikin 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, suka tsaya ƙodago da niyyar tara kuɗin jirgi zuwa Jidda, sai zama ya yi nisa har aka haifi 'ya'ya da jikoki. Da yawansu ba su sami gonar kansu ba. Suka zauna tare da mutanen Darfur da sauransu a sansanonin ma'aikata da ake kira kanabi, a gefen magudanan ban ruwa, inda galibi babu asibiti, babu famfo, ruwan da ake shayar da auduga shi ake sha, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka daɗe da zama 'yan gida.

Fitina ta riga babban yaƙin isa gare su. Cikin Yulin 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu Barta da Funj a Rusairis da Damazin, a kan ƙasa da neman sarautar gargajiya, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, kuma kafin shekarar ta ƙare Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum 350 da suka rasu da kusan 97,000 da suka bar gidajensu. Da yawa daga cikinsu suna kwance a ajujuwan makarantu a Sinnar da Farin Nilu, ba su koma ba, sai ga yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF.

Jihar Jazira ta karɓi kusan mutum 500,000 da suka gudo daga babban birni, birnin Wad Madani kuwa ya zama matattarar dukan aikin agaji da magani, domin a can ne cibiyar ciwon daji da asibitin ƙoda da na zuciya suke, kuma can ƙungiyoyi suka tara kayansu. Da birnin ya faɗa hannun RSF cikin Disamban 2023, mutum wajen 300,000 suka sake ɗaura kaya cikin 'yan kwanaki, aka wawashe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya mai fiye da tan 2,500, abincin da aka ce zai ciyar da mutum miliyan ɗaya da rabi wata guda. Ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa ta daure a babban asibitin koyarwa na Madani har zuwa Mayun 2024, sannan ta janye saboda rashin aminci da hana ta shigo da kaya. A ƙarshen Yunin shekarar Sinja ta faɗi, Mai Wurno kuwa a kan hanyar Sinja zuwa Sinnar take, saboda haka jikokin muhajiran Burmi suka wayi gari suna saukar da baƙi alhali su ma kayansu a ɗaure suke.

To, da manyan hukumomi suka koma Port Sudan da Gadarif, wa ya ciyar da mutane? Maƙwabtansu ne. Tun da daɗewa shehunan ɗariƙu a Sudan suna da takiyya, inda ake dafa wa almajiri da matafiyi abinci ba tare da an tambayi sunansa ba, kuma wannan al'ada ce samari da 'yan mata na unguwanni, waɗanda suka kira kansu ɗakunan gaggawa, suka farfaɗo da ita. Ga yadda take: katuwar tukunya a kan duwatsu a harabar masallaci ko makaranta, an cika ta da adas ko wake, mata sun jera bokitai da kwanuka a ƙasa tun hantsi, kowace ta san nata, mai rabo yana zubawa da ludayi gwargwadon yawan mutanen gida, kuma sau da yawa wannan ita ce cimar yini duka. Kuɗin kuwa daga 'yan'uwa ne da ke Saudiyya da Turai da kuma masu ba da tallafi, ta manhajar Bankak ta wayar hannu, shi ya sa da aka katse layukan sadarwa cikin Fabrairun 2024 tukwane da dama suka sauka daga murhu, kamar yadda suka sake sauka a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta.

Sha'anin magani ya fi wannan tsanani, domin abinci ana iya haɗa shi da ƙoƙarin unguwa, amma babu unguwar da za ta haɗa injin wankin ƙoda. Wanda aka saba wanke masa ƙoda sau biyu a mako, idan hanya ta toshe, kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuma ba za a lissafa shi cikin waɗanda yaƙi ya kashe ba. Mai ciwon sukari, da wuta ta ɗauke, sai ya ƙulle kwalbar insulin a leda ya ajiye ta a gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, don sanyin ƙasa ya tsare ta. Da ma'aikatar lafiya ta shelanta annobar kwalara cikin Agustan 2024, abin da ya ceci rayuka da yawa bai wuce lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ba, sai dai ina sukarin, ina itacen tafasa ruwan, ga wanda ya baro gida da rigar jikinsa?

A nan ne nake so malamai su tsaya su yi nazari. Agajin hukuma yana bin titin kwalta da takarda: mota tana zuwa inda hanya ta kai, mai rajista yana rubuta wanda ya tarar a sansani, ya nemi shaidar zama ɗan ƙasa. Bahaushen ƙauye kuwa, wanda kunya ta hana shi barin ɗan'uwansa ya kwana a makaranta, ya raba ɗakinsa biyu ya ƙarar da dawarsa, ba a ƙirga baƙonsa ba balle shi, kuma daga cikin mutanenmu akwai waɗanda, duk da kakanninsu a can aka binne su, samun takardar ɗan ƙasa bai taɓa zo musu da sauƙi ba. Mutumin kanabi ya fi kowa shan wannan, har ma da zargi a kai. Ana gobe soja za su karɓe Madani, ranar 10 ga Janairun 2025, mayaƙa masu goyon bayansu suka afka wa sansanin Kambo Tayba, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Ɓangarorin biyu, soja da RSF, sun sa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayun 2023 cewa za su kare farar hula su buɗe wa agaji hanya, dokokin Janiba na 1949 ma sun riga sun wajabta haka, amma ƙauyukan gabashin Jazira da RSF ta afka wa cikin Oktoban 2024 ba su ga amfanin takardun ba.

A shari'armu ibnus sabil, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa, yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, ko da mawadaci ne a garinsu, ceton wanda ya yi kusa da halaka kuwa farali ne na kifaya, wanda idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai taimaka daga nan kada ya wahalar da kansa da tara buhuna da tsofaffin tufafi waɗanda kuɗin dakonsu ya fi kuɗinsu. Ya aika kuɗi ta hannun amintattu zuwa ga masu takiyya da ungozomomin ƙauye, a kuma sa masu masauki cikin rabo tare da baƙinsu. Likitoci da yawa a Kano da Sakkwato da Jigawa a jami'o'in Sudan suka yi karatu, sun san harshen, sun san malaman da suka koyar da su, kuma su ne suka fi cancanta su gaya mana wane asibitin ƙauye ne ya buɗe, wane ne yake buƙatar maganin sauro da sinadarin tsabtace ruwa kafin damina ta sauka hanyoyin Jazira su zama taɓo.