Jinyar Baki a Gida Bayan Cire Haƙori

 

Da yawa daga cikinmu kan tafi Maraɗi ko Katsina a cire musu haƙori, ko a yi musu aiki a dasashi, su kamo hanyar gida a ranar. Aikin likita ya ƙare, saura namu, domin a gida rauni yake warkewa, a gida kuma yake ɓaci.

Idan aka cire haƙori, jini yakan daskare a cikin ramin da ya bari. Wannan gudan jini shi ne murfin da ke kare ƙashi da jijiya har nama ya tsiro. Idan ya fita, ƙashi ya tonu, sai azababben ciwo ya taso bayan kwana 3 ko 4, har ya kai kunne. Saboda haka a ranar farko duk hankalinmu yana kan tsaron wannan murfi. A cije audugar da aka sa na minti 30 zuwa 60. Kada a kuskure baki da ƙarfi, kada a yi ta tofar da yawu, kada a tsotsi abin sha da tsinke, kada a taɓa wurin da harshe ko yatsa. Ko wajen alwala, a sa ruwa a baki a hankali, a bar shi ya zubo da kansa. Mai shan taba ya haƙura aƙalla kwana 3. A kwanta da kai a ɗage, a bar aikin gona da ɗaukar kaya.

Bayan awa 24, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a riƙa kuskure baki a hankali bayan kowane abinci. A goge sauran haƙora da asuwaki ko buroshi, a kauce wa raunin.

Abinci ya zama mai laushi: kunu ko koko da ya huce, fura da nono, tuwo mai taushi da miyar kuka. A tauna a ɗaya gefen. Goro, kilishi, ƙuli-ƙuli da yaji su jira tukuna.

A sha magani yadda likita ya rubuta, a kuma shanye shi. Kada a sayi asfirin a kasuwa, domin yana hana jini tsayawa. Ina roƙonku, kada a cusa kanwa, toka, garin taba ko ruwan batir a ramin. Suna ƙona nama.

Kumburi kaɗan ba abin tsoro ba ne, yakan fara sauka bayan kwana 3. Amma idan jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko mugunya ta fito, ko kumburi ya gangara wuya ko ya hau ido, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a nufi asibiti mafi kusa, ko cikin dare ne, a wannan gefen iyaka ko wancan. A riƙe takardar magani a hannu. Masu ciwon suga, masu sikila da mata masu juna biyu su fi kowa gaggawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya.