Amsoshin Takardunku: Shin Turawa Ma Suna Da Tatsuniyoyi?

Tambayar wannan mako ta zo ne daga wani manomi a yankin Funtuwa, wanda ke cewa: shin Turawa ma suna da tatsuniyoyi irin namu?

To, malam, suna da su ƙwarai. Bari mu ɗauki Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Labaransu na da, da ka aka riƙa bayar da su, kafin malaman Kirista su rubuta su a kan fatar maraƙi. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan an rubuta shi wajen shekara ta 1100.

Abin da ya fi yawan dawowa a labaran nan shi ne shanu, domin a zamanin, saniya ita ce ma'aunin arziki. Mafi shahara shi ne na Bijimin Kuli. Wai Sarauniya Meb ta ƙasar Konakt da mijinta Alil suka yi gardamar wa ya fi wani dukiya. Aka ƙidaya komai, ya zo daidai, sai dai mijin yana da wani bijimi mai fararen ƙahoni, ita ba ta da kamarsa. Sai ta aika wa wani mai shanu a ƙasar Ulsta ya ara mata nasa bijimin na shekara guda, za ta biya shi karsana 50. Ya yarda. Amma da 'yan aiken suka bugu, suka yi cika baki cewa da ya ƙi, da ƙarfi za su ƙwace. Magana ta kai kunnensa, ciniki ya watse, sarauniya ta ɗaura yaƙi. Kun ji fa, 'yan kasuwa: baki shi ke yanka wuya.

A lokacin, wata tsohuwar la'ana ta kwantar da mazajen Ulsta da ciwo irin na naƙuda. Saurayi ɗan shekara 17, Ku Kulin, shi kaɗai ya tare mashigin rafi yana karawa da jarumai ɗaya bayan ɗaya, har ya kashe Fardiya, amininsa da suka koyi yaƙi tare. A ƙarshe bijiman biyu suka gwabza, na Kuli ya kashe ɗaya, shi ma ya faɗi matacce. Ba wanda ya ci riba.

Abu na biyu da ke dawowa shi ne haramcin da ake ɗora wa jarumi. An hana Ku Kulin cin naman kare, an kuma hana shi ƙin abincin da aka yi masa tayi. Ranar da wasu tsofaffin mata 3 suka miƙa masa gasasshen kare, ba shi da mafita. Ya ci, ƙarfinsa ya ragu, ajalinsa ya biyo baya.

Malam, da fatan ka gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.