Darasin Masana'anta Ga Masu Ginin Asibiti



Da na gaya wa sakatarenmu cewa zan yi magana a kan masana'anta da asibiti, sai ya yi dariya, ya ce me ya haɗa kifi da kaska? To, ga abin da ya haɗa su.

Bara na kai mahaifiyata wani asibiti. Mun yanki kati a bakin ƙofa, likita yana can ƙurya, ɗakin gwajin jini yana wani gini dabam, wurin biyan kuɗi kuma sai an komo baya. Sau biyar muka ratsa filin asibitin cikin tsakar rana, tsohuwa tana dafe da kafaɗata. Ma'aikatan ba su yi mana laifin komai ba. Laifin na ginin ne.

Shi mai tsara masana'anta ba ya fara zana bango sai ya san hanyar da kaya za su bi, tun daga shigowarsu har fitarsu. A 1913 Henry Ford ya shirya masana'antarsa ta Highland Park a Amurka yadda mota ce ke zuwa gaban ma'aikaci yana tsaye a wurinsa. Daga baya Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan ya lissafa jira, da jigilar da ba dole ba, da yawan kai-da-kawowa, duk a cikin ɓarna. A 2002 asibitin Virginia Mason na Amurka ya ɗauki wannan tsari na Toyota, har ya sake fasalin sashen masu ciwon daji, ya zama ma'aikata ne ke iske majiyyaci a ɗakinsa.

Kada wani ya ce wannan sai masu kuɗi. Asibitin ido na Aravind a garin Madurai na Indiya da gado 11 ya fara a 1976. A ɗakin tiyatarsu likita yakan zauna tsakanin gado biyu. Yana cire wa wannan yanar ido, ana shirya masa wancan, da ya gama sai ya juya. Da haka likita ɗaya yake yi wa mutane da yawa aiki a yini, kuɗin aiki ya sauko, har talaka ya samu kyauta.

Darasi na biyu shi ne barin wurin faɗaɗawa. Mai masana'anta ya san inji yana tsufa, kasuwa tana canzawa, saboda haka yakan ɗora nauyin rufi a kan ginshiƙai, bangon ciki kuwa a iya rushe shi a matsar. Asibitin Northwick Park na Landan, wanda aka buɗe a 1970, an shimfiɗa masa doguwar hanya ɗaya kamar titi, kowane sashe ya jingina da ita, aka bar masa fili ta baya don ƙari. Mu kuwa sau nawa muka ga an toshe tagar ɗakin haihuwa don a liƙa ofis?

Sai dai fa majiyyaci ba buhun siminti ba ne. Yana jin kunya, yana jin tsoro, kuma a ƙasarmu ba ya zuwa shi kaɗai. Tsarin da bai tanadar wa masu jinya inuwa da ruwa da makewayi ba, za su shimfiɗa tabarma a kan hanya, mai tura gado ya rasa wurin wucewa.

A cikinmu akwai injiniyoyi, da likitoci, da masu sa hannu a takardun kwangila. Roƙona shi ne, in an kawo muku zanen asibiti, ko da ƙaramin ɗakin shan magani ne na ƙauye, ku ɗora yatsa a bakin ƙofa ku bi hanyar marar lafiya har ya karɓi magani. Ku duba ko hanyar shara ta haɗu da ta abinci. Ku tambaya, in jama'a ta ƙaru, ta ina za a ƙara gini? Sannan ku nuna wa ungozoma da mai shara zanen, domin su za su taka hanyar kullum. Tun ran gini, tun ran zane.