Zumuncin Da Muke Kuka Da Rashinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, kowannenmu yana kukan cewa zumunci ya yi rauni. Ana auna mutum da motarsa, ana auna aure da yawan akwatunan lefe, maƙwabci kuwa ya kwana da yunwa ba wanda ya leƙa shi.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. 'Yan shekaru bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, ƙaninsa Malam Abdullahi ya ga kwaɗayin dukiya da sarauta ya kama zukatan waɗansu daga cikin Jama'a. Abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas. Da ya isa Kano, mutanenta suka roƙe shi ya karantar da su. Ya zauna ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya koma wurin Shehu.

To, 'yan'uwa, ƙyamar ɓarna kaɗai ba ta gyara al'umma, sai an haɗa da aiki. Mai nisabi ya fitar da zakkar kuɗinsa, ɗaya cikin arba'in, ya fara da matalautan unguwarsa. Iyaye su sauƙaƙa aure. Kowa ya san marayan da ke kusa da shi, ya gaida mara lafiya tun kafin a kira shi jana'iza.

Allah Ya sanya duniya a hannuwanmu, kada Ya sanya ta a zukatanmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.